Cin kasuwa da ci a kasuwa: tarihin ƙaramin ciniki a ƙasar Tasawa da Mayahi, daga 1851 zuwa yau

Gabatarwa

Bahaushe in ya tashi zuwa kasuwa sai ya ce za shi « cin kasuwa », in kuma ranar taruwarta ta zo sai a ce « kasuwa tana ci ». Tun a 1966 Claude Gouffé ya yi nazari a kan aikatau « ci » da « sha » da ɗimbin ma'anonin da suke ɗauka a Hausa. Kowa ya san cin sarauta, cin bashi, cin rani da cin riba, kuma ba nufinmu ba ne mu koma kan wannan batu. Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne ma'ana ta farko, wato sa abinci a baki, domin a kasuwannin ƙasar Hausa, tun ranar da aka fara ba da labarinsu a rubuce, ana cin kasuwa kuma ana ci a kasuwa.

Fagen wannan ƙasida shi ne gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Tasawa na bisa babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, wajen kilomita 120 gabas da Maraɗi. Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da Tasawa, a kwarin Gulbin Kaba. Kewaye da su akwai garuruwa irin su Maijirgi, Korgom, Urafan, Kanambakashe da Sarkin Hausa, kowane da ranar kasuwarsa a mako.

Galibin abin da aka rubuta game da kasuwancin wannan jiha ya shafi babban ciniki ne: ayarin fatake, saye da fitar da gujiya (gyaɗa), da dukiyar manyan attajirai, kamar yadda ake gani a littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi. Mu kuwa za mu dubi ɗaya gefen, wato cefane da ɗan abincin da ake saye a ci nan take. Abin da muke son nunawa shi ne cewa wannan ƙaramin ciniki ya girmi mulkin mallaka, kuma tun asali a ɗaure yake da ƙwandala mafi ƙanƙanta da ke hannun jama'a. Saboda haka in wuya ta zo, a jikin girman abincin ake fara ganinta kafin a gan ta a jikin kuɗinsa, abin da ƙididdigar hukuma ba ta kamawa.

1. Kasuwar Tasawa a 1851

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, daga bisani suka kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tasawa ta kasance cikin wannan ƙasa, kuma tana kan hanyar ayarin da ke gangarowa daga Abzin ta Damargu zuwa Katsina da Kano. Ta wannan hanya ce Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso garin a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri na Abzinawa, kafin ya wuce Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon watan Fabrairu.

Barth ya zaga kasuwar Tasawa, kuma abin da ya fi tsayawa a kansa shi ne abinci. A nan ne ya fara ɗanɗana tuwon magarya, a nan kuma ya ga ƙorai cike da gasasshiyar fara, har ya lura cewa mutane sun fi cinta a shekarar da ta ɓata musu hatsi. Ya kuma bayyana cewa duk wani fili da ke tsakiyar kasuwar an gina masa tukuba, ana gasa ƙananan yankan nama da aka soke a tsinke, an sa masu kitse daga sama don man ya riƙa gangarowa bisa na ƙasa. Ana sayar da kowane ɗaya wuri guda.

A wannan garin ne kuma ya ga wahalar ƙirgar kuɗi. Wurin da ake ciniki da shi a ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a wasu wurare na bakin teku. Sai an zube shi ƙasa an ƙirga biyar-biyar, ana tara shi tsibi-tsibi, sa'an nan a ɗure 20.000 a cikin keso guda. Barth ya ba da labarin yadda aka ƙirga wuri 500.000 da taimakon mutum biyar ko shida.

Abu uku za mu iya ɗauka daga wannan shaida. Na farko, sayar da dafaffen abinci a kasuwa ba baƙuwar al'ada ba ce da birni ko Nasara suka kawo, tun da an same ta a Tasawa kusan shekara hamsin kafin sojan Faransa na farko ya taka ƙasar. Dalili kuwa a fili yake: garin da ayari ke sauka, kuma mutanen ƙauyuka ke yini a cikinsa nesa da murhun gidajensu, ba ya rasa masu dafawa. Na biyu, an yanka naman ne daidai da kuɗin, wato an nemi ƙaramin yankan da wuri guda zai iya saye. Na uku, kuɗi iri ɗaya ne ke aiki sama da ƙasa, daga cinikin attajiri na keso ashirin da biyar har zuwa tsinken nama na yaro. Wannan ne babban amfanin wuri, duk da nauyinsa: babu mai ƙaramin hali da ya rasa abin da zai shiga kasuwa da shi.

2. Daga wuri zuwa dala

Harshe ya adana sawun wannan zamani fiye da takardun hukuma. Kalmar « kuɗi » kanta jam'in « wuri » ce, har yau kuma akan ce abu « bai kai wuri ba ». Ita ma « kasuwa », kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna a 1960, daga Barebari Hausa ta aro ta, asalinta kuwa « sūq » na Larabci. Daga Larabci ne kuma « dillali », « la'ada », « riba » da « mudu » suka zo. Wato kafin Turawa, kalmomin ciniki sun riga sun nuna gabas da arewa, inda hanyoyin fatauci suka nufa.

Kalmar da ta fi ba da labari ita ce « dala ». Asalinta sunan babban kuɗin azurfa ne, irin na Sifen da na Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ake bugawa da shekarar 1780. A Kano, a lokacin Barth, dala guda tana daidai da wuri 2.500. In muka auna da wannan lissafi, dala ɗaya za ta sayi tsinken nama 2.500 a tukubar Tasawa. Da Faransawa suka zo da kuɗinsu, sai jama'a suka ga ƙwandalar azurfa ta faran 5 ta yi kama da tsohuwar dala wajen girma, suka ba ta sunanta. Faran guda kuma aka ce masa « tamma ». Ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba: Zabarmawa ma da « dala » suke ƙirga, Bambara na cewa « dɔrɔmɛ », Wolof na cewa « dërëm », duk da ma'anar faran 5. A ɓangaren Ingilishi kuwa, sulai biyu ne aka kira dala.

Sunan ya zauna, amma abin da yake nufi ya yi ta raguwa. An ƙirƙiro faran sefa a ran 26 ga Disamba 1945, aka rage darajarsa da rabi a ran 12 ga Janairu 1994, sa'ad da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Tun 1999 kuma yana ɗaure da yuro a kan 655,957. A cikin duk waɗannan sauye-sauye mutanen Tasawa da Mayahi ba su bar ƙirga da dala ba: faran 25 dala biyar ne, 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1.000 kuwa jika guda. Kalmar « jika » ko « jaka » ita ma tana tuna lokacin da ake ɗure kuɗi a cikin abin zubawa, kuma darajarta ta bambanta a ƙetaren iyaka, inda take nufin fam 100 a da, daga baya naira 200.

Abin lura a nan shi ne dala ta sauka daga ƙololuwar tsarin kuɗi zuwa gindinsa, ta karɓi gurbin da wuri ya bari. Sai dai ba ta yi aikin wuri sosai ba. Wuri yana hawa ɗaya-ɗaya, mai sayarwa na iya ƙara ɗaya bisa goma ba tare da ya kori mai saye ba. Ƙwandala kuwa tsalle take yi, musamman da yake ƙananan ƙwandaloli sun yi wuyar samu a kasuwannin ƙauye: daga dala biyar sai dala goma, wato ninki biyu. Za mu ga abin da wannan ke haifarwa a sashe na biyar.

Akwai kuma wani sakamako da ya shafe mu a matsayin malamai. Yarinyar da ke talla tana lissafi da dala tun kafin ta shiga lakwal. Ranar da ta shiga aji sai a koya mata lissafi da faransanci, inda dala ashirin ta zama « cent francs ». Ke nan duk lokacin da ta tashi daga aji zuwa kasuwa sai ta raba da biyar, in za ta dawo ta ninka da biyar. Masu tsara littattafan lissafi da harsunan ƙasa ba za su iya kauce wa wannan ba.

3. Zamanin gujiya: kanti, butik da tebur

Shigowar Faransawa wannan yanki da jini ta fara. A watan Yuli na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta ƙone garuruwa ta kashe jama'a a kan hanyarta, ta wargaje a ƙasar Tasawa: an harbe kanar Klobb a Dankori ran 14 ga wata, kwanaki kaɗan bayan haka sojojin rundunar suka kashe shugabannin nasu biyu a wajen Maijirgi. Tasawa, inda sarkin Katsinan Maraɗi Mijinyawa ya koma da zama a ƙarshen ƙarni na 19, ta zama mazaunin kumandan, har zuwa 1927 da aka mayar da hedkwatar sarkal Maraɗi. Daga nan manyan kamfanoni suka fi karkata can, Tasawa ta zauna a matsayin kasuwar tara amfanin gona da dabbobi. A arewa kuwa, ƙarewar yaƙe-yaƙe ta ba manoma damar kafa sababbin ƙauyuka, kasuwannin ƙasar Mayahi suka zama mahaɗar manoma da makiyaya, Fulani da Buzaye, inda hatsi ke gamuwa da nono da bisashe.

Abin da ya tilasta wa talaka neman kuɗin Nasara shi ne haraji, wanda har yau ake kira « lanho », daga « l'impôt ». Hanyar samunsa kuwa ita ce gujiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ta can ne gujiyar Maraɗi da Damagaram ta riƙa fita zuwa teku. Sai a shekarun 1950 aka fara karkatar da wani kashi ta Dahome. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna sayen gujiya da kaka ta hannun ƴan baranda da dillalai, suna kuma sayar da yadi, sukari, sabulu, kananzir da kwanonin sha. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gujiya, da COPRO-Niger a shekarar don kayan masarufi. Noman ya kai ƙarshen bunƙasarsa a tsakiyar shekarun 1960, sa'an nan farin 1973-1974 da cutar da ta kama shuka a 1975 suka durƙusar da shi.

Kalmomin da wannan zamani ya bari hawa biyu ne, kuma rabuwarsu tana da ma'ana. Na hukuma daga faransanci suke: « lanho », « patanti », « duwan », « kumandan », « butik ». Na fatauci da sufuri kuwa da yawansu daga Ingilishi suka zo ta hanyar Kano da Katsina: « kanti », « tasha », « tebur », « sisi », « kwabo ». Wato mulki na Yamai ne, amma ciniki kudu ya fuskanta, kuma haka abin ya ci gaba bayan da Najeriya ta fito da naira a 1973.

Gujiya ta sauya abin da ake ci a kasuwa ta hanya biyu. Ta kawo kuɗi a hannun mutanen ƙauye sau ɗaya a shekara, ta kuma wadata mata da abin sana'a: su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, da man a toya ƙosai da waina, da garin ƙulin a yi tsire da labun kilishi. Tasawa na cikin garuruwan Nijar da suka yi suna da kilishi, kuma tana tsakiyar ƙasar jar akuyar Maraɗi, don haka mahauta da sarkin fawarsu ba su taɓa rasa matsayi a kasuwarta ba. Daga kayan kanti kuma aka sami mai shayi da teburinsa, da burodi, madarar gwangwani, Nescafé da Lipton, a bakin tasha.

Amma kayan kanti ba su isa gidan talaka a yadda suka fito daga kamfani ba. Mai tebur ne ya fasa kwali ya sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya, taba kara-kara, Maggi ɗaya-ɗaya, mai kuma cokali-cokali ko a ɗan ƙulli. Dabarar ita ce dai ta mai tukuba na 1851: a yanka kaya daidai da ƙwandalar da ke hannun mai saye.

4. Masu dafawa da masu ci

In muka tambaya wa ke dafa abincin da ake sayarwa, sai mu tarar da rabon aiki mai tsari. Nama da shayi na maza ne. Abin da ya fito daga turmi da tukunya, wato fura (« hura » a bakin mutanen yankin), tuwo, dambu, ƙosai, waina, ɗanwake, da awara wadda ta shigo daga Najeriya daga baya, na mata ne. Nono kuwa na matan Fulani ne, shi ya sa ƙwaryar fura guda takan haɗa masu sayarwa biyu.

Claude Raynaut ya yi bayanin tushen wannan sana'a a wata ƙasida da ya buga a 1977 game da dafa abinci da yawonsa tsakanin gidaje a Sumarana, ƙauyen da ke kusa da Maraɗi. Ko da yake Sumarana ba ta cikin gundumomin da muke magana a kai, tsarin gida iri ɗaya ne, kuma masu binciken jami'ar Bordo da ya jagoranta sun yi aiki daga baya a Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi. A wannan tsari akwai gandu, wanda ke hannun maigida, da gamana, wadda mace ko saurayi ke nomawa don kansu. A gidaje da yawa, bayan kaka maigida yakan rufe rumbun gandu ya ajiye shi don aikin damina, shi kuma ya tafi cin rani. A tsawon waɗannan watanni mace da ƴaƴanta sun dogara ne ga abin da gamanarta ta bayar da abin da sana'arta ta kawo. Sai ta mayar da tiya guda ta hatsi fura, ta sayar, ta sake auno wata tiyar, abin da ya saura a ƙwarya da ɗan ribar su ne abincin gida. Ta haka ne dafaffen abinci ya zama haja ko a cikin ƙauyen da ba shi da kasuwa, har ya kasance maƙwabta na sayen abincin juna.

A ƙetaren iyaka, Polly Hill ta ga irin wannan a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira shi ɓoyayyen ciniki a 1969, domin matan kulle ne ke yinsa daga cikin gida, yara na kai da kawowa. A kudancin jihar Maraɗi, Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a 2006 yadda ƙarancin ƙasar noma ya sa ake janye mata daga gona, abin da jama'a ke kira « kublen gona ». Macen da ta rasa gamana ba ta da sauran jari sai tukunya, kuma hatsin da za ta dafa sai ta saye shi. Nan ne asalin matsalar talla da karatun ƴaƴa mata: yarinyar da ke ɗauke da tire ita ce ƙafar uwarta, kuma daga tallan ne ake zubin adashi ana tara kayan ɗaki. Duk wanda ke son ta zauna a aji dole ya faɗi wanda zai kai furar kasuwa.

Ta ɓangaren masu ci, kunya ce ke tsara al'amarin. Baƙo, matafiyi, direba da yaron mota, ɗan ƙwadago, gwauro da almajiri suna ci a fili ba wanda zai ce uffan. Dattijo mai iyali kuwa ba ya tsayawa gaban mai tuwo a garinsu. Sai dai ya aika yaro a kawo masa cikin rumfa ko zaure, ko ya sa a ƙunshe masa tsire ya kai gida tsaraba. Matar aure ba ta zama a bencin mai shayi, alhali wataƙila ita ce ta toya ƙosan da ake ci a kansa. Cefane ma a bisa al'ada aikin maigida ne ko na yaran da aka aika. Ashe ke nan kasuwar abinci wuri ne da mata ke cika shi da hajarsu ba tare da yawancinsu sun taka shi ba.

5. Sa'ad da tiya ta yi tsada

Ma'aunin hatsi a kasuwannin yankin shi ne tiya, wadda ke ɗaukar wajen kilo biyu da rabi, ta yadda tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Tun 1989 Nijar na da tsarin bin farashin hatsi a kasuwanni, wanda aka sani yau da sunan SIMA, kuma aikinsa yana da amfani ƙwarai. Amma abin da yake rubutawa kuɗin kilo da na buhu ne. Ba ya rubuta girman dunƙulen fura.

A nan ne tsallen ƙwandala da muka ambata ke aiki. In tiya ta hau, mai fura ba za ta iya cewa na dala biyar ya koma dala goma ba, don masu sayenta ba su da shi. Duk wanda ya saba zama kasuwa ya san matakan da ke biyo baya. Da farko gyara ce ke ɓacewa, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan an gama ciniki. Sa'an nan dunƙule ya ƙanƙance, ludayin ƙosai ya rage zurfi, nono ya sha ruwa. A ƙarshe, in jarin ya shige cikin yara, sai ta sauke tukunya gaba ɗaya. Ɗan ƙwadagon da ya biya dala biyar jiya ya biya dala biyar yau, a takarda babu abin da ya sauya, alhali rabin cikinsa ya ci.

Yankin ya ga yunwa iri-iri: Kakalaba a 1913-1914, farin 1973-1974, da ta 1984-1985 wadda aka laƙaba wa « El Buhari » saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi daga Afrilu 1984 zuwa 1986. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna cewa jama'a sun gane yunwa ba daga sama kawai take zuwa ba, tana zuwa ta hanyar kasuwa. Shekarar 2005 ta tabbatar da haka. Bayan ƙarancin ruwa da farar 2004, hatsi bai ƙare a kasuwannin jihar Maraɗi ba, sai dai tsadarsa, wadda buƙatar Najeriya ta ƙara wa wuta, ta kai buhu wajen jika 30 a wasu wurare da damina. A farkon shekarar kuma an ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari bisa kayan masarufi irin su madara, sukari da garin alkama, abin da ya jawo zanga-zangar yaƙi da tsadar rayuwa a watan Maris. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, akasarinsu a jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa. Masu lura da al'amura da yawa sun yi mamakin ganin yunwa a gaban buhuna. Mamakin zai ragu in aka tuna cewa abincin yara a gidaje da dama daga ribar tukunyar uwa yake fitowa, kuma tukunyar ce farkon abin da tsadar tiya ke kashewa. An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kuma kowane karo kasuwannin da ke rayuwa da kai da kawowa tsakanin sefa da naira sun ji a jikinsu.

Kammalawa

Mun bi sawun abu guda daga tukubar da Barth ya gani a 1851 zuwa teburin mai shayi da tiren ƴar talla: abincin da aka yanka daidai da ƙaramin kuɗi. Wuri ya tafi, dala ta sauko ta zauna a gurbinsa, gujiya ta zo ta wuce, iyaka ta buɗe ta rufe, amma wannan ciniki bai yanke ba, domin shi ne ke ciyar da baƙo da ɗan ƙwadago, shi ne kuma jarin macen da ba ta da gona. Hausawa na cewa « kasuwa a kai miki dole », kuma babu wanda maganar ta fi dacewa da shi kamar mai sayar da abin da ba ya kwana.

Tarihin wannan ciniki ba ya cikin rahotannin kumandan ko littattafan kamfanoni, yana bakin tsofaffin masu fura, mahauta da ma'auna. Don haka muke ba ɗalibanmu masu neman batun bincike shawara su tattara sunayen ma'aunai, na ƙulli da na ƙwandaloli a kasuwannin Tasawa da Mayahi, kasuwa bayan kasuwa, tare da tambayar abin da dala biyar ke saye a shekarun da masu ba da labari ke tunawa da sunayensu. Aiki ne da ya kamata masu ilimin harshe da masana tarihi su yi shi tare, kuma gwamma a fara shi tun waɗanda suka yi talla a zamanin SONARA suna da rai.